Kunne Ba Shi Da Marfi

Gabatarwa

Wataƙila mai karatu ya yi mamakin ganin an kawo zancen kiɗan mota a mujalla irin wannan, wadda aka saba cika ta da nazarin waƙa da nahawu da tarihin sarauta. To, a yi mini haƙuri, domin Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Tambayar da nake so mu duba gajeriya ce: idan mutane shida suka shiga motar haya ɗaya, ɗayansu ya haɗa wayarsa da rediyon motar ya saki abin da ransa ke so, shin ya ci haƙƙin sauran ko bai ci ba? In ya ci, wane irin haƙƙi ne, tun da bai taɓa jikin kowa ba, bai kuma taɓa aljihun kowa ba? Ban ɗauko tambayar daga littafi ba. Ni aka yi da ni, kuma ni ne mai laifin.

Abin Da Ya Faru A Hanyar Dawaki

Wata ranar Alhamis da aka ba mu hutu, na shiga motar haya daga Kano zan tafi gida Dawakin Tofa. Ƙaramar mota ce, irin wadda ake zuba mutum biyu a gaba, huɗu a baya. Ni da wani saurayi muna gaba. A baya kuwa, wani dattijo mai farin gemu yana bakin ƙofar dama, wata matashiyar mata lulluɓe da mayafi, rungume da jariri, tana bakin ƙofar hagu, tsakaninsu wani yaro da wata tsohuwa mai sayar da tukwane wadda ta kai kaya birni za ta koma.

Wajen sa kaset na rediyon motar ya daɗe da mutuwa, saboda haka direba ya soka wata 'yar na'ura a ramin kunna sigari, ita ke karɓar waƙa daga waya ta miƙa wa rediyo. Muna hawa titin Katsina sai ya dube ni ya ce, "Ɗalibi, waƙoƙin memorina sun ishe ni. Ba ka da sababbi?" Na ce akwai su jingim. Nan da nan na haɗa, na saki wata waƙar soyayya da ake yayi a ɗakunan kwananmu. Na ji ta ya fi sau ɗari a kunnena ni kaɗai, har na daina jin abin da kalmominta ke cewa. Direba ya ƙara murya, muna ta kaɗa kai.

Muna isa Dawanau sai dattijon ya ce, "Direba, akwai sauka." Direba ya ce, "Baba, ai kuɗin Dawaki ka biya." Ya ce, "Na sani, yaro. Na tuna da wata 'yar buƙata a nan. Allah ya kiyaye hanya." Ya fita, matar nan ta bi shi da jaririnta, ga rana tsaka. Mun ɗan yi gaba sai tsohuwar ta taɓa kafaɗata ta ce, "Ɗan nan, ka san su wa ka sauke? Surukarsa ce, matar ɗansa. Mijin ya tafi ci-rani, shi ya rako ta asibiti da yaron. Babu abin da zai saya a Dawanau."

Na kashe waƙar, amma aikin gama ya gama. Har muka isa gida ina ta lissafi a zuci. Ban karya doka ba. Mai mota shi ya nemi in sa. Babu wanda ya ce in rage. Duk da haka tsoho ya gwammace ya yi asarar kuɗin motarsa, ya tsaya a rana da mai jego, da ya ƙara minti goma yana jin waɗancan kalmomi a gaban surukarsa.

Yadda Muka Zo Nan

Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu ga abin da ya sake, domin kakanninmu ba su san wannan matsala ba. A ƙasar Hausa ta dā, kowane kiɗa yana da wurinsa da mutanensa. Tambari yana ƙofar fada, gangar noma tana gona ranar gayya, kalangu yana wajen mahauta da dandalin 'yammata, kiɗan ƙwarya yana cikin gida tsakanin mata. Idan samari suka fito dandali da dare, dattawa sukan ja jiki su shige gida, kowa ya tsira da mutuncinsa. Watau wanda ba ya son kiɗa yana da magani, kuma maganin shi ne ƙafarsa.

Da kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, sai kiɗa ya bar wurinsa ya shiga aljihu. Daga shekarun 1970 zuwa na 1990 kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta zama cibiyar kaset, direbobi suka riƙa sayen na Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos, wanda har waƙa ya yi wa karen mota, da kuma na tafsirin malamai. Amma a lura da abu biyu. Kaset ɗaya minti 60 ko 90 yake ɗauka, direba kuwa da ƙyar yake da guda goma a aljihun motarsa. Kuma ya san gobe ma waɗannan mutane zai ɗauka, saboda haka yana zaɓen abin da babba da yaro za su iya ji tare. Ƙarancin kaya da sanin ido su suka riƙa tace masa zaɓi.

A 1979 kamfanin Sony ya fito da Walkman, rikoda mai shiga tafin hannu wadda mutum ke ji shi kaɗai ta abin saƙalawa a kunne. Daga nan aka sami sabon abu a duniya, wato kiɗan mutum ɗaya, wanda ba ya la'akari da kowa domin babu mai ji sai mai shi. Sai kuma aka shiga neman hanyar mai da wannan kiɗa cikin sifikar mota. Dabara ta farko da ta yaɗu a shekarun 1980 ita ce wani kaset na ƙarya: siffarsa siffar kaset, amma babu zare a ciki, sai wani ɗan kai na maganaɗisu da ke fuskantar kan rikodar mota, igiya ta fito daga gare shi ta shiga 'yar na'urar da ke hannunka. Rikoda tana zaton zare take karantawa, alhali saƙon igiya take karɓa. Bayan ta aka yi irin na'urar direbanmu, wadda ƙaramar tashar rediyo ce da muryarta ba ta wuce 'yan taku, kana murɗa rediyon mota zuwa zangon FM da ta zaɓa sai ka kama ta. Akwai kuma igiyar da ake sokawa kai tsaye, akwai Bluetooth da ba ya buƙatar igiya sam. Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, masu turi suka kafa tebura a kasuwanni irin Farm Centre, sai ya zama katin memori mai gigabait 8, wanda bai kai farcen yatsa girma ba, yana ɗauke da waƙoƙi sama da 1,500.

Ga inda gizo ke saƙa. Abin da ke cikin wayar mutum ya zaɓe shi ne a kaɗaice, domin kunnensa shi kaɗai, kamar yadda yake zaɓen abin da zai sa a cikin ɗakin kwanansa. Da ya danna haɗi, sai ya kwashe wannan kayan ɗaki ya zube su a tsakar kasuwa, ba tare da sun bi ta matatar da kaset ɗin direban dā yake bi ba. Motar kuma tana gudu, ƙofofi a rufe. Maganin nan na kakanninmu, wato tashi ka bar wurin, ya zama sai da asara.

Masu tunani na wasu ƙasashe ma sun hango wannan. Immanuel Kant, masanin falsafa na Jamus, a littafinsa kan hukuncin kyau da ɗanɗano wanda ya fara fitowa a 1790, ya zargi kiɗa da ƙarancin ladabi idan aka gwada shi da zane. Dalilinsa shi ne, wanda ba ya son ganin zane sai ya kau da kai, amma kiɗa yana tsallake mai shi ya faɗa kan maƙwabta, kamar mai fito da hankici mai turare a cikin taro, kowa sai ya shaƙa in dai zai yi numfashi. Mu ce da Hausa, ido yana da fatar rufewa, baki yana da leɓɓa, kunne kuwa ba shi da marfi.

Hujjoji Uku Da Na Kare Kaina Da Su

A daren nan na kawo wa kaina hujjoji uku, kuma na san da yawa daga cikin 'yan'uwa ɗalibai za su kawo irinsu. Bari mu auna su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko ita ce hujjar mai abu da abinsa. Mota ta direba ce, shi ya nemi waƙa, kowa kuwa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya shiga motar haya ya yarda da abin da ya tarar. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Direban da ke tuƙin dare yana da haƙƙin jin abin da zai hana shi gyangyaɗi, domin ran kowa yana hannunsa. Sai dai daga lokacin da ya karɓi kuɗin mutum, motar ta tashi daga ɗakinsa ta koma zaurensa, fasinja kuma ya zama baƙonsa. Dattijon nan kujera ya biya wa kuɗi zuwa Dawaki. Bai sayar da kunnensa a cikin cinikin ba.

Ta biyu ita ce hujjar rinjaye. Mu uku a gaba muna jin daɗi, sauran ba su yi magana ba, to ina laifi? An taɓa kai irin wannan gardama har kotun ƙoli ta Amurka. Kamfanin da ke da motocin bas na birnin Washington ya sa rediyo a cikinsu yana watsa kiɗa da tallace-tallace, wasu fasinjoji biyu suka kai ƙara. An nuna wa kotu cewa a binciken jin ra'ayi fiye da kashi 90 cikin 100 na fasinjoji ba su ƙi ba, kuma a 1952 kotu ta ba kamfanin gaskiya. Amma alƙali William Douglas ya saɓa wa 'yan'uwansa, yana ganin mutumin da dole ta sa ya shiga bas tamkar kamamme ne, bai kamata a cusa masa abin da bai zaɓa ba. Alƙali Felix Frankfurter kuwa janye jiki ya yi daga shari'ar, domin shi kansa abin yana ƙona masa rai har yana tsoron kada ya kasa adalci. Wannan ya nuna mana cewa doka tana iya wanke mutum, lamirinsa bai wanke shi ba.

A ƙasarmu hujjar rinjaye tana da wani rauni na daban, shi ne yadda muke ƙidayar shiru. Tarbiyyarmu ta hana mace ta ɗaga murya cikin maza baƙi, ta hana yaro ya gyara wa babba, ta hana dattijo ya nuna ya ma fahimci zancen batsa. Dubi halin da tsohon nan ya shiga. In ya ce a kashe, ya shaida a gaban surukarsa cewa ya ji kuma ya gane, wannan kuwa ya fi waƙar kanta nauyi. Kunyar da ta sa abin ya yi masa ciwo, ita ce kuma ta ɗaure masa baki. Saboda haka mutanen da abin ya fi cutarwa su ne waɗanda ba za su taɓa jefa ƙuri'a ba, ni kuwa na ƙidaya shirunsu a cikin masu goyon bayana. Labarin zuciya a tambayi fuska, ni ko waiwayawa ban yi ba.

Ta uku ita ce hujjar kowa tasa ta fisshe shi. A kashe rediyo gaba ɗaya, mai son kiɗa ya saƙala abinsa a kunne, shi ke nan an huta. Wannan ta fi sauran tsabta, kuma ta dace da ra'ayin John Stuart Mill na Ingila, wanda a littafinsa kan 'yanci na 1859 ya tsaya a kan cewa mutum yana da ikon yin abin da ya ga dama muddin bai cuci wani ba. Amma ni ban gamsu da ita ba, domin tana warkar da ciwo ta hanyar yanke gaɓa. Motar haya a karkararmu majalisa ce. A cikinta ake jin farashin gero da masara a Dawanau, da inda ruwa ya sauka tsakanin Kwa da Tattarawa, da wanda ya rasu a Tumfafi ba a je gaisuwa ba. Sau da yawa tsohuwar waƙar Shata ce ke buɗe bakin dattijo ya ba yara tarihin wanda aka yi wa ita. In kowa ya toshe kunnensa, ba a cuci kowa ba, amma an mai da mutum shida kamar buhuna shida da aka ɗora wa mota.

Inda Na Tsaya

A ganina kuskurenmu shi ne muna tambayar wa ke da iko, alhali abin tambaya shi ne me aka ba mai waya ajiya. Wanda ya haɗa wayarsa da sifika an danƙa masa kunnuwan mutane na tsawon tafiya, kuma wannan amana ce. A laccarsa da aka wallafa a 1974 a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, Anthony Kirk-Greene ya lissafa halaye irin su gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci. Kusan dukkansu ana gwada su a cikin wannan 'yar tafiya da ba ta kai awa guda ba. Har ila yau, malaman tafsiri da dama, wajen bayanin aya ta 36 a Suratun Nisa'i wadda ta jera waɗanda ake kyautata wa, sun sa abokin tafiya a cikinsu. Ashe maƙwabtaka ba sai da katanga ba, wadda ta kujera ma maƙwabtaka ce.

Amma kada a fahimce ni da cewa duk abin da wani ba ya so haramun ne a sa. In haka ne babu abin da za a taɓa ji. Dole mu raba abu uku da muke cakuɗawa. Akwai abin da bai yi mini daɗi ba kawai: ni ina son kiɗan fiyano, kai kana son kukuma. Wannan bambancin ɗanɗano ne, kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma abin da ke kaina a nan shi ne haƙuri. Na tabbata da kiɗan ne kurum bai yi wa dattijon nan ba, da ya daure har Dawaki. Akwai kuma abin da ke kunyata ni a gaban wanda nake jin nauyinsa, kamar uba da 'yarsa, ko suruki da suruka. Sannan akwai abin da ke zagin wanda nake girmamawa. Duk wanda ya shiga motocin haya a Kano lokacin zaɓen 2023 ya san yadda waƙar siyasa mai habaici take mai da fasinjoji abokan gaba kafin a kai tasha. A waɗannan biyun na ƙarshe nauyi ya tashi daga kan mai ji ya koma kan mai sawa, kuma sunan abin da ake binsa kara.

Wani zai ce to a sa wa'azi mana, a huta. Ko nan ma sai an yi hattara. Wa'azin da malami ke yi wa wani ɓangare raddi, in an sa shi a motar da ke ɗauke da 'yan ɓangaren biyu, yana cikin kashi na uku, ko da mai sawa yana ganin lada yake nema. Karatun Alƙur'ani kuwa yana da ladabin saurare, wanda ya sake shi da ƙarfi a inda ya san ana ciniki da raha, ya jefa mutane tsakanin yin shiru dole da yin surutu a kan abin girmamawa. Kyawun abu bai isa ya ba ka izinin cusa shi ba.

To yaya mai riƙe da amanar nan zai yi? Da farko ya waiwaya baya kafin ya danna, ya ga su wa ke ciki, domin hankali ke gani, ido gululu ne. Da na lura da yadda dattijo da matar nan suka zauna a ƙofofi biyu, suka sa mutane a tsakani, ba su haɗa ido ba tun daga tasha, da na gane ko su wane ne. Na biyu, ya auna zaɓinsa da wanda ya fi kowa jin kunya a motar, ya bar auna shi da wanda ya fi kowa kaɗa kai. Na uku, in zai tambaya ya iya tambaya. "Akwai wanda ba ya so?" tambaya ce da ba ta da amsa sai shiru. Amma "Baba, me za a sa mana?" ta mai da girma wurin mai shi, kuma sau da yawa amsar ita ce, "Ku sa abinku, yara, a dai rage murya." Na huɗu, muryar kada ta kai inda za ta danne sallama, ko kukan jariri, ko "akwai sauka" na wanda ke can baya.

Kammalawa

Mu ɗalibai mun fi kowa buƙatar wannan tunani, domin mu ne masu manyan wayoyi, mu ake miƙa wa haɗin da zarar an ga littafi a hannunmu, kuma mu ne muka daɗe a ɗakunan kwana inda kowa sa'an kowa ne har muka manta akwai kalmomin da ba su fita zaure. Na'ura za ta ci gaba da sakewa. Kaset ya tafi, ramin soka igiya ma kamfanin Apple ya fara cire shi daga wayoyinsa tun 2016, gobe wani abu ne zai zo. Amma mota za ta ci gaba da haɗa suruki da suruka, da ɗan wannan jam'iyya da ɗan waccan, a kan kujera ɗaya.

Ban sake ganin dattijon nan ba, ban kuma san sunansa ba, balle in je in ba shi haƙuri. Abin da ya rage mini shi ne, duk sanda direba ya ce, "Ɗalibi, ba ka da sababbi?" sai in juya in gai da na baya tukuna. Wannan shi ne ɗan abin da na gani. In malamaina da 'yan'uwana ɗalibai suna da gyara, musamman a kan inda iyakar haƙuri ta tsaya ta kara ta soma, shafukan mujallar nan a buɗe suke. Allah ya sa mu iya zama da mutane, amin.